Amanar Majiyyaci a Hannun Nas: Abin da Doka Ta Shimfiɗa

Sau da yawa a asibitocin ƙasar nan akan ji dangin majiyyaci suna gunaguni, wai nas ta ƙi gaya musu ciwon da ke damun ɗan'uwansu, ko kuwa ta tsaya kai da fata sai an sa hannu a takarda kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Waɗansu su ce girman kai ne, waɗansu su ce son wahalar da talaka. Gaskiya ne akwai nas-nas masu kaushin hali, kamar yadda ake samu a kowace sana'a. Amma a kan waɗannan abubuwa biyu, abin da aka koya mata a makaranta shi take bi, in kuwa ta saɓa tana iya rasa lasin ɗinta.

Duk ɗalibin da ya shiga makarantar koyon aikin jinya, namiji ko mace, ban da sanin allura da wankin miki da awon zafin jiki, lalle ne ya karanta ladubban aikin da dokokin da suka kewaye shi, a kuma jarraba shi a kansu. Hukumar da ke kula da wannan ita ce Majalisar Nas-Nas da Ungozomomi ta Nijeriya, wadda Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, bayan an haɗe tsofaffin hukumomi biyu, ta nas-nas da ta ungozomomi. Ita ce ke tsara abin da za a koyar, ta shirya jarrabawa, ta rubuta sunan wanda ya ci a rajista, ta ba shi lasin da zai riƙa sabuntawa. Tana kuma da kotun ladabtarwa wadda ke da ikon jan kunnen mai laifi, ko dakatar da shi, ko soke sunansa ɗungum. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar nan ba nas ba ne a idon doka, ko da ya shekara ashirin yana sanye da farin kaya a wani ƙaramin asibiti.

Yardar majiyyaci

Babban abin da ake fara cusa wa ɗalibi shi ne, jikin mutum nasa ne. Baligi mai cikakken hankali ba a yi masa tiyata, ko ƙarin jini, ko wani gwaji mai haɗari, sai da yardarsa. Yarda kuwa ba ta samuwa sai mutum ya san abin da yake yarda da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta a sanar da majiyyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, da kuma ikon da yake da shi na ƙi. Ta ƙara da cewa a yi masa bayanin cikin harshen da yake ji, gwargwadon iliminsa. Watau Bahaushen da ya kwanta a asibiti a Ikko ko Fatakwal, aka miƙo masa takarda da Turanci aka ce ya dangwala yatsa, yana da hakkin ya ce a nemo mai yi masa tafinta tukuna. Da yake nas ce ta fi kowa daɗewa a gefen gado, galibi ita ce ke fara gane cewa mutum ya dangwala ne kawai bai fahimci kome ba, kuma aikinta ne ta koma ta gaya wa likita.

A nan ne al'ada da doka sukan yi karo. A wurare da yawa, in haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi wa mace aiki, sai a ce a jira maigida, shi kuwa yana iya kasancewa a kasuwar wani gari. Shawara da miji abu ne mai kyau, ana kuma koya wa nas ta girmama shi, ta nemi jawo hankalin iyali da lalama. Amma yardar da doka ke nema ta matar ce, muddin ta kai shekarun girma kuma tana cikin hayyacinta. Sa'o'in da akan ɓata ana jiran sa hannun wanda ba ya nan sun sha zama sanadin rasa uwa da ɗa.

Ikon ƙin magani ma kotu ta tabbatar da shi. A 1991 wata mata a Inugu, mai bin addinin Shaidun Jehobah, ta ƙi yarda a ƙara mata jini bayan ta haihu, ta kuma sa hannu a takarda a kan haka. Likitan ya bi abin da ta zaɓa, ya ci gaba da kula da ita ta waɗansu hanyoyi, daga baya ta rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata 6, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Sai dai wannan iko bai kai kan yara ba. A 2019 ita dai Kotun Ƙolin ta yanke hukunci a kan wani jariri da mahaifiyarsa ta hana a ƙara masa jini saboda addini, ta ce daidai ne da majistare ya ba da izini a ceci ransa. Ɗalibai sukan karanta shari'o'in nan biyu tare, domin su ga inda iyakar take.

Rufin asiri

Abin da nas ta gani ko ta ji a bakin aiki amana ce. Sashe na 26 na dokar 2014 ya hana bayyana labarin lafiyar majiyyaci, har da zamansa a asibitin, sai in shi da kansa ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umurni, ko wata doka ta bukata, ko kuwa yaro ne ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, waliyyinsa ya nema. Saboda haka suruki, ko kishiya, ko ubangidan mutum a wurin aiki, ba su da hakkin a karanta musu fayil ɗinsa. Wanda ya san yadda magana guda take kashe aure ko ta hana mutum ciniki a unguwa, zai gane dalilin wannan tsanani. Masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau har doka ta musamman aka yi musu a 2014, wadda ta hana nuna musu bambanci da tona asirinsu. A zamanin wayar hannu an ƙara wa ɗalibai wani gargaɗi: ɗaukar hoton majiyyaci a sa a Facebook ko WhatsApp tona asiri ne, ko da an yi shi da niyyar nema masa taimako, in bai yarda ba.

Akwai togaciya guda mai nauyi, watau in rufe maganar zai jefa jama'a cikin haɗari. A watan Yuli na 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Ikko da cutar Ebola, ya matsa a sallame shi daga asibiti. Likita Stella Adadevoh da abokan aikinta suka ƙi, suka sanar da hukuma. Ita da waɗansu ma'aikatan asibitin, har da nas-nas, sun rasa rayukansu, amma cutar ta tsaya a kan mutum 20, mutum 8 suka mutu, kuma ran 20 ga Oktoba aka bayyana ƙasar ta rabu da ita.

Gaggawa da sakaci

Sashe na 20 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin taimakon wanda ke cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai, ko da wane dalili. Hukuncin wanda ya saɓa tarar naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Dokar 2017 kuma ta ce wanda aka harba da bindiga a karɓe shi nan take, ba sai da takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba, sa'an nan asibiti ya sanar da 'yan sanda cikin awa 2.

Game da kuskure a bakin aiki, "likita ne ya ce" ba ya wanke nas. In an rubuta magani fiye da kima, ana sa ran ta lura, ta tambaya, ta dakata har a gyara. Duk abin da ta ba majiyyaci kuma sai ta rubuta shi da lokacinsa, domin ran da aka je gaban shari'a takardar ce shaida, kuma goge ta ko sauya ta laifi ne mai zaman kansa. Dole a faɗa cewa nas guda mai kula da gadaje masu yawa cikin dare ta fi kusa da yin kuskure, kuma alhakin wannan yana kan masu asibitin su ma. Ita ma doka ta kāre ta: ban da mai taɓin hankali, tana iya janye hannu daga majiyyacin da ya zage ta ko ya doke ta, ta kai rahoto.

Wanda yake ganin an cuce shi, sai ya fara kai kuka ga babbar sista ta ɗakin ko shugaban asibitin, a rubuce in da hali, da ranar da abin ya faru da lambar katinsa. In bai gamsu ba, yana iya rubuta wa Magatakardan Majalisar a Abuja, ko ya kai ƙara Ma'aikatar Lafiya ta jiharsa. Neman diyya kuwa sai a kotu.