Mu san Libiya kafin mu kama hanyar Agadas

Da an gama girbin hatsi da roron wake a Arewa, zancen tafiya bida ke mamaye majalisun samari, daga Dogon Kiriya har Matankari da Dogon Dutsi. Wasu Najeriya suke nufa, wasu Kwatano ko Abijan, wasu kuwa ba su da magana sai ta Libiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu gabatar wa masu karatu wannan maƙwabciya tamu ta arewa maso gabas, domin matambayi ba ya ɓata.

Ƙasar da mutanenta

Libiya tana da faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 760, wato ta fi Nijar girma, amma jama'arta ba su wuce kimanin miliyan 7 ba. Galibin ƙasar hamada ce, saboda haka mafi yawan mutane suna zaune a bakin tekun Bahar Rum, musamman a Turabulus babban birni, da Bangazi da Misrata. Akasarinsu Larabawa ne Musulmi mabiya mazhabar Malikiyya kamar mu. Akwai kuma Buzaye da Tubawa a kudu, waɗanda ke da dangi a jihar Agadas.

Hulɗarmu da su ba ta yau ba ce. Tun kafin zuwan Turawa, fataken Gadamus suna biyowa da ayarin raƙuma ta Gat da Agadas da Damagaram har Kano, suna kawo hajar teku, suna komawa da fatu da gashin jimina.

Daga sarauta zuwa juyin mulki

Turkawan daular Usmaniyya sun kama Turabulus a 1551. Italiya ta mamaye ƙasar a 1911, ta sha gwagwarmaya da Shehu Umar Mukhtar, har ta rataye shi a 1931. Ranar 24 ga Disamba 1951 Libiya ta samu ƴancin kai ƙarƙashin Sarki Idris na gidan Sanusiyya, tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Gano man fetur a 1959 ne ya sauya komi.

Ranar 1 ga Satumba 1969 Kanar Mu'ammar Gaddafi ya kifar da sarauta, ya riƙe mulki shekara 42 ba jam'iyyu, ba zaɓe. Ya juyo da fuskarsa ga Afirka: da kuɗin Libiya aka gina babban masallacin Yamai, kuma a Turabulus aka kafa ƙungiyar CEN-SAD a 1998, Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta. A 2011 tawaye ya ɓarke, jiragen ƙungiyar tsaro ta NATO suka mara wa ƴan tawaye baya, aka kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba.

Ƙasa ɗaya, hukuma biyu

Nan ne abin lura yake. Tun 2014 mulkin ƙasar ya dare gida biyu. A Turabulus, gwamnatin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ta shiga hannun Abdulhamid Dabaiba a 2021. A gabas kuwa, majalisar dokoki da rundunar Halifa Haftar ke da iko, kuma dakarunsa sun kama Sabha a 2019. An tsagaita wuta a Oktoban 2020, amma zaɓen da aka shirya yi ranar 24 ga Disamba 2021 bai yiwu ba. Tsakanin ɓangarorin nan biyu akwai ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, kowacce da shingenta da gidan wakafinta.

Arzikin mai da gumin baƙo

Libiya ce ta fi kowace ƙasar Afirka man fetur a ƙarƙashin ƙasa, kusan ganga biliyan 48, kuma kusan dukan kuɗin shigar gwamnati daga man suke fitowa. Ƴan ƙasar da dama albashin gwamnati suke ci, shi ya sa aikin gini, noman rani, kiwo da dako suka koma hannun baƙi, ƴan Nijar a sahun gaba. Da kuɗin da suke aikowa gidaje da yawa ke sayen hatsi lokacin da rumbu ya ƙare, a yi aure, a sayi shanun huɗa.

Sai dai riba ta ragu. An karya darajar dinari a 2021, aka sake karya ta a 2025, don haka abin da ke isowa gida in an canza shi zuwa sefa ya yi ƙasa. Hanyar ma, daga Agadas zuwa Dirku, Madama, Gatrun har Sabha, ta ci rayuka da dama da ƙishirwa. Soke dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 da hukumomin Nijar suka yi a Nuwamban 2023 bai ba kowa takardar zama a Libiya ba: a Janairun 2025 an koro ƴan Nijar fiye da 600 zuwa Dirku. Ga kuma “gidan bashi”, inda ake tsare matafiyi har sai danginsa sun sayar da gona ko bisashe sun fanshe shi.

Ba mu ce kada a tafi bida ba, tun da damina ɗaya ba ta ciyar da gida shekara. Amma wanda zai tafi ya tanadi takardunsa, ya biya kuɗin mota da hannunsa, kada ya yarda da tafiyar bashi, ya kuma san wanda zai sauka wurinsa. Iyaye su ma su tambaya kafin su sa albarka. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya ba Libiya zaman lafiya.