Kuɗin Inshorar Lafiya Ba Asara Ba Ne

In zancen inshorar lafiya ya taso a Gwantu, tambayar da aka fi ji ita ce: "To in shekara ta ƙare ban kwanta ba, kuɗina ya tafi ke nan?" Masu faɗin haka sun san zafin nema, kuma da yawansu sun taɓa zuwa asibiti aka ce babu magani, a je kemis a saya. Ina ganin girmansu, amma ban yarda da lissafin ba.

Da inshora ko babu, mu ke biyan kuɗin asibiti. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fita, a ranar da ciwo ya kama, ranar da ba a tayawa balle a nemi ragi. Haihuwa ta zo da gardama cikin dare, an ce sai tiyata, ko a wuce Kafanchan ko Jos. Nan akuya ke tafiya a rabin kuɗinta, doyar iri ta bi bayanta, sannan bashi. A 2023, da cuta ta cinye citta a kudancin Kaduna, gidaje da dama ko abin sayarwar ba su samu ba.

Za a ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Sai mu ci gaba da matsa musu, amma mai naƙuda ba za ta jira ba.

Abin da hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, KADCHMA, ke karɓa gayya ce. Wanda ya yi noma a gonar maƙwabcinsa bana, tasa ba ta buƙaci hannu ba, ba ya cewa guminsa ya zube a banza. Kuɗinka da ba ka ci ba shi ya biya ƙarin jinin ɗan wani a Fadan Karshi.

Inda ƙorafin yake da ƙarfi shi ne rashin magani. Mai katin inshora da aka tura kemis ya biya sau biyu, kuma hakkinsa ne ya kai ƙara ga hukumar da kwamitin lafiya na mazaɓarsa, ya nemi a ba shi amsa.