Kafin Ka Sayi Hijet ta Hannu: Matsalolinta, Ƙarkonta da Kayan Gyaranta

A Kano da Kaduna da Zariya da sauran biranen Arewa, ƙaramar motar nan ƙirar Daihatsu Hijet ta zama ƙafar ƙananan 'yan kasuwa. Mai rufin ita ke raba burodi da lemo da kayan shaguna, mai buɗaɗɗen baya kuwa, wato kurkura, ita ke jidar ruwan leda da siminti da buhunan hatsi. Tana shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, ba ta shan mai sosai, kuɗinta kuma bai kai na manyan motocin kaya ba. Shi ya sa mutane da yawa ke tattara ɗan jarinsu su zuba a kanta. Wani ya ci moriyarta shekaru, wani kuma kafin wata shida ta koma zaman gareji. Abin da ke raba su yawanci abu uku ne: yadda aka zaɓe ta, nauyin da ake ɗora mata, da irin kayan gyaran da ake saka mata.

Don wane aiki aka ƙera ta?

Kamfanin Daihatsu na Japan ya fara ƙera Hijet a 1960. Tana cikin rukunin ƙananan motocin da dokar Japan ta ƙayyade wa girma. Tun daga 1998, tsawonsu ba ya wuce mita 3.4, faɗinsu mita 1.48, injinsu kuma ba ya wuce cc 660. Silinda uku ne da ita. Kayan da aka yarda ta ɗauka kilo 350 ne kacal.

A tsaya a kan wannan adadi. Jakar ruwan leda mai ƙulli 20 nauyinta kusan kilo 10 ne, ke nan jaka 35 ta cika ma'auni. Buhun siminti kilo 50 ne, bakwai sun ishe ta. Duk wanda ke bin titunanmu ya san ana ninka mata wannan lodi sau biyu ko uku, har yaran mota su hau sama. A Japan an yi ta ne don gajerun tafiye-tafiye na manoma da masu raba saƙo a kan kwalta mai kyau. A nan kuma ana sa ta aikin raƙumi cikin zafin bazara da ƙurar hunturu. Yawancin abin da ake kira lalacewar Hijet daga nan yake tasowa.

Matsalolin da aka fi fama da su

Babbar matsalarta zafin inji. Injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, inda iska ba ta wadace shi ba, kuma saboda ƙanƙantarsa sai ya yi ta juyi da ƙarfi kafin ya ja kaya. Idan lagireto ya toshe, ko fanka ta daina tashi, ko famfon da ke zagaya ruwa ya fara yoyo, nan da nan allura ta haura. Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa, shi ne ke ƙone gaskit ko ya lanƙwasa kan inji. Ruwan rijiya da na famfo zalla suna haifar da tsatsa da dattin da ke toshe hanyoyin ruwa. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa shi ya dace. Bayan an canza ruwa, dole bakanike ya fitar da iskar da ta maƙale a cikin bututu, in ba haka ba zafi zai dawo. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji na tafasa, domin ruwan na iya fesowa ya saɓule fuska da hannu.

Sai bel ɗin taimin. Tsoffin Hijet masu inji samfurin EF da bel suke aiki, kuma a ƙa'ida ana canza shi a kilomita 100,000. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, idan ya tsinke mota ta mutu nan take, yana kuma iya jawo ɓarna a cikin inji. Tunda ba ka san tarihin motar ba, ka canza shi da zarar ka saya. Daga ƙarshen 2007 aka koma inji samfurin KF mai sarƙa. Shi kuma na farko-farkonsa an san su da shan baƙin mai idan sun tsufa, musamman waɗanda ba a kula da juyen mai ba. Baƙin man da waɗannan injina ke ɗauka ɗan kaɗan ne, wajen lita uku, don haka raguwar lita ɗaya babbar magana ce. A riƙa zaro sandar awo kowace safiya.

Lodi fiye da kima kuwa shi ke cinye kuloci, ya karya sifirin, ya kashe shokazoba, ya sa birki ya kasa riƙewa a gangara. Tayarta mai inci 12 ce, kuma ta ɗaukar kaya ce mai ninki shida ko takwas. Saka mata tayar ƙaramar motar gida don neman sauƙi shi ke kawo fashewa a kan hanya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Abin dubawa ranar ciniki

A Japan hannun hagu ake tuƙi, sitiyarin motocinsu na dama. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka waɗanda aka kawo daga Japan sai an juya musu sitiyari. Wasu ma a yanke ake shigo da su cikin kwantena, a zo nan a haɗa da walda. Wannan aiki idan gwani ya yi shi, mota za ta yi aiki. Idan ɗan koyo ne, an sayar maka da hatsari. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka bi layin walda. Ka duba sandar sitiyari, bututun man birki da wayoyin lantarki, ka ga ko an yi musu ƙari da ɗaure-ɗaure. Akwai kuma waɗanda aka haɗa a Italiya tun daga 1992, wasu da sunan Piaggio Porter, masu inji mafi girma, da dama daga cikinsu sitiyarinsu na hagu ne tun asali.

Ka shiga ƙarƙashinta da tocila. Motar da ta yi zama a arewacin Japan, inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, tsatsa kan ci shasinta, sabon fenti kuma yana rufe wannan aibi. Ka nemi a tayar maka da inji yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ne. Farin hayaƙin da ba ya yankewa, ko kumfa a cikin ruwan lagireto, ko baƙin mai da ya koma kalar madara, duk alamun gaskit ne. Kada ka dogara da lambar kilomita da ke jikin agogo, ana iya mayar da ita baya. Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ka kuma tabbatar lambar shasi ta yi daidai da takardun kwastam.

Sayen kayan gyara na hannu

Kayan Hijet suna samuwa a Kofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya je ya ce kawai a ba shi na Hijet. Samfurinta da yawa ne, kuma lambar da ke farkon lambar shasi ce ke bambanta su. S200 da S210 sun fito a 1999, S320V da S330V a ƙarshen 2004, dukkansu masu injin EF ne. S321V da S331V su ne masu KF. S210 da S330V da S331V duka ƙafafu huɗu ke ja, don haka giyabos ɗinsu ya bambanta da na 'yan uwansu. Ka rubuta lambar, ka kuma tafi da tsohon abin da aka cire don a gwada. Kayan Suzuki Carry da Every ba na Hijet ba ne, ko da motocin sun yi kama. Amma Toyota Pixis mai ɗaukar kaya da Subaru Sambar da aka ƙera daga 2012, Hijet ce aka sauya wa tambari.

Inji, giyabos, kan inji, ƙofa, fitila da gilashi, waɗannan na hannu mai kyau yakan fi sabon jabu ƙarko. Amma bel ɗin taimin, takalmin birki, gaskit, fulogi, matatar mai da ta iska, robobin ruwa da taya, sabbi ake saya, domin ba a gane ragowar kwanansu da ido. Wajen sayen inji, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit, a sa wa injin alama kafin a biya. Ana wanke injin da ya gama aiki a nan gida a sayar da shi da sunan sabon sauka, saboda haka injin da ya cika ƙyalli abin tuhuma ne. Araha ba ta ado.

Kira ga masu mota da direbobi

Hijet mota ce mai juriya idan an tsaya a iyakarta. Ribar da ake hange a lodi ɗaya mai nauyi ba ta biyan kuɗin inji, balle ran yaron mota ko mai tafiya a ƙasa. Masu gidajen ruwa da na burodi su daina matsa wa direbobi su kwashe kayan sawu biyu a sawu ɗaya. Direbobi su duba ruwa da baƙin mai da iskar taya kafin su fita, su kuma tsaya da zarar allurar zafi ta motsa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su sa ido a kan lodi tun daga tasha. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.