Yaron da Bai Kai ga Tsoron Ruwa Ba

Ranar 4 ga Yuli, 1885, mahaukacin kare ya far wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, a yankin Alsace, ya yi masa cizo har 14. Uwarsa ba ta tsaya wata-wata ba, ta kama hannunsa sai birnin Faris, wurin masanin kimiyya Louis Pasteur.

Ta san abin da ke tafe. Mai ciwon haukan kare ƙishirwa ke cin sa, leɓɓansa sun bushe. A miƙo masa moɗa ya kai baki, sai maƙogwaro ya ƙulle, numfashi ya sarƙe, ya ture ruwan a firgice. In aka yi haka sau biyu, sau uku, ganin ruwa kaɗai ko jin ƙarar zubarsa ya isa ya tayar da shaƙewar. Sai a ce wai tsoron ruwa yake. A ganina ba a yi masa adalci ba: ruwan yake so, haɗiyar ce ta zame masa azaba.

Ƙwayar cutar ba jini take bi ba. Daga yawun kare takan shiga jijiya, ta yi ta rarrafe zuwa laka, har ta isa gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ke kula da haɗiya da numfashi, ta dagula shi. Ko yawunsa mutum ba ya iya haɗiyewa, shi ya sa yake dalala, kuma cikin yawun nan ƙwayar ke taruwa. Wanda ya kai nan, da wuya ya tashi.

Amma rarrafen nan yakan ɗauki makonni, wani sa'in watanni, kuma nan ne Pasteur ya ga ƙofa. Yana da rigakafin da ya haɗa daga busasshiyar lakar zomayen da suka kamu, ya kuma gwada shi a kan karnuka. Shi ba likita ba ne, don haka likita Grancher ne ya tsira wa yaron allurar farko ranar 6 ga Yuli. Aka yi masa 13, kowace ta fi wadda ta gabace ta ƙarfi, Pasteur kuwa hankalinsa a tashe, yana jiran alamar ciwon.

Alamar ba ta zo ba. Meister ya girma, ya zama mai gadin Cibiyar Pasteur da ke Faris, yana kan wannan aikin har rasuwarsa a 1940.