Abin da ya kamata ku sani game da tsohon layin dogon Jigawa

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a 2021, aka kuma ce za a ja reshe zuwa Dutse, ake ta zancen jirgi a majalisun Yalwawa da ke Dutse. Sai dai jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Ya iso Kano a 1911. Daga baya aka shimfiɗa layi zuwa Nguru, aka kammala a 1930, ya ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Gyaɗa ce ta jawo shi. Manomi ya yi laftu a kan jaki zuwa tasha, a auna a sikeli, a jera buhuna a yi dala, tarago ya kwashe sai bakin teku a Legas. Da haka Malam Madori ta zama gari, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, baƙi suka zo cin kasuwa suka zauna. Garin da dogo ya kauce wa kuwa, irin Dutse, sai dai ya kai kayansa inda jirgi yake.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci a tarihin wancan zamani. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi maza daga masarautun Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas. Shi ne ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe mutane da dama a can.

Wa ya rubuta mana wannan? Alhaji Abubakar Dokaji, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Kano ta Dabo Cigari da Hausa, tun Dutse na ƙarƙashin masarautar Kano. Ya nuna cewa ɗan gida na iya rubuta tarihin gidansu. Amma labarin lebura da ɗan dako da ma'aikacin reluwe, yawancinsa yana bakin dattawa, su kuma kullum raguwa suke yi.

Don haka ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ku je tashoshin nan. Mai kaka a gida ma ya zauna da shi, ya ɗauki muryarsa a waya, ya tambaye shi sunan tasha da shekara. Tsohon tikiti ko hoto ko takardar fansho, kada a bar wa gara.