Pouvoir da savoir

Pouvoir da savoir aikatau ne guda biyu na harshen Faransanci da ake amfani da su wajen nuna iyawa, kuma da na farkon ne ake neman izini. Suna daga cikin abubuwan da ke rikita masu jin Turanci idan sun fara koyon Faransanci, domin kalmar Turanci guda ɗaya, can, tana yin aikin da Faransanci ya raba gida biyu.

Asali

Pouvoir ya samo asali ne daga kalmar Latin posse, savoir kuma daga sapere, wadda ma'anarta ta farko ita ce ɗanɗano. Dukansu biyu sun fito a jere, da siffar savir da podir, a cikin Rantsuwar Strasbourg ta shekarar 842, wadda ake lissafawa cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa na harshen da ya zama Faransanci.

Bambancin ma'ana

Ana amfani da savoir idan abin koyonsa aka yi, kamar karatu, tuƙi ko iyo. Pouvoir kuwa yana nuna cewa akwai hali, ko ƙarfi, ko dama a wannan lokacin. Je sais nager na nufin mai magana ya iya ruwa. Je peux nager na nufin babu abin da ya hana shi shiga ruwa yanzu. Saboda haka direban da ya karye a hannu yana iya cewa je sais conduire, mais je ne peux pas, wato ya iya tuƙi amma ba hali. Ɗalibin da ya saba da can yakan saka pouvoir a duka wuraren biyu. Za a fahimce shi, sai dai kunnen Bafaranshe zai ji maganar da ɗan baƙunta.

Wani kuskuren ya shafi gani da ji. Inda Turanci ke cewa I can see, Faransanci yakan ce je vois kawai. A shuɗaɗɗen lokaci ma akwai bambanci: je pouvais na nuna cewa akwai dama, j'ai pu kuma na nuna cewa an yi abin har an kai ga nasara.

A ƙasar Beljiyam da wasu sassan arewacin Faransa ana jin savoir a wurin pouvoir. Mutumin Brussels na iya cewa je ne sais pas venir demain, yana nufin ba zai samu zuwa gobe ba.

Neman izini

A Turanci malamai sun daɗe suna koyar da cewa may ce ta neman izini, can kuma ta iyawa. Faransanci ba shi da wannan rabon. Pouvoir ne ke ɗaukar duka, sai dai siffar tambayar ita ke nuna girmamawa. Tsakanin abokai ana cewa je peux entrer ? tare da ɗaga murya a ƙarshe. Est-ce que je peux entrer ? ya dace da kusan kowane wuri. Puis-je entrer ? magana ce ta ofis da wasiƙa, kuma ta samo asali daga tsohuwar siffar je puis. Ba a cewa peux-je.

Idan ana son ƙarin ladabi sai a koma siffar sharaɗi: pourrais-je wajen neman izini, pourriez-vous wajen roƙon wani ya yi abu. Dole kuma a zaɓi tsakanin tu da vous, abin da Turancin yau ba shi da shi. Faɗa wa malami ko baƙo tu peux ana iya ɗaukarsa raini.

Idan maganar doka ce ko ƙa'ida, ana amfani da avoir le droit de. A allunan sanarwa kuma ana rubuta il est interdit de ko défense de, kamar défense de fumer, wato an hana shan taba.