Pele da Garinca: wa ya fi suna?

A Tarka da sauran garuruwan Damargu, masu sauraron rediyo sun san sunan Pele. Amma kaɗan ne suka ji labarin Garinca. Dukansu 'yan ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Barazil, kuma 'ya'yan talakawa.

Tare suka ci kofin duniya a 1958. A 1962 Pele ya ji rauni tun wasa na biyu. Garinca ne ya ɗauki nauyin har suka sake cin kofin. Mutanen Barazil sun so shi ƙwarai.

To, me ya sa sunan Pele ya fi nisa? Ya ci kofin karo na uku a 1970. Ba wani ɗan wasa da ya yi haka. Kuma ya zaga duniya. A 1978 ya yi wasa a Kaduna da ƙungiyar Racca Rovers ta Kano.

Garinca kuwa, giya ta karya shi. Ya mutu a 1983 cikin talauci, yana da shekara 49. Pele ya zama ministan wasanni a 1995, ya mutu a 2022.

Baiwa daga Allah take, amma riƙonta sai mai ita.